Wa Ke Tambayar Gwamnati Inda Kuɗin Jama'a Ya Shiga?

Kwanan baya na je duba wani aji a wani ƙauye. Da aka gama karatu da lissafi muna zaune a gindin ɗorawa, sai wani dattijo ya ce yana da tambaya. Shi tsohon masinja ne, ya yi shekara talatin yana aiki a wani ofis kafin ya komo gida ya kama gona. Ya ce, "Malam, yau wata bakwai ke nan ba a biya ni fanshona ba. Na je birni sau uku, kullum sai a ce in dawo. To, mutumin nan da muka jefa wa ƙuri'a ya tafi majalisa, yana da ta cewa cikin maganar nan, ko kuwa aikinsa ya ƙare tun ran da aka ƙidaya ƙuri'u?"

Ajin duka aka yi dariya. Amma tambayar ba ta dariya ba ce. Na yi masa alkawari zan rubuta amsar yadda kowane aji zai karanta. Ga ta.

Ɗan aike da masu aike

Ku ɗauka mutanen unguwarku sun tara kuɗi don a gyara rijiya. Kun damƙa wa mutum ɗaya ya tafi kasuwa ya sayo siminti da guga da igiya. Kafin ya tashi, ai sai ya faɗa muku abin da zai saya da kimanin kuɗinsa. In ya dawo kuma sai ya jibge kayan a gabanku, ya faɗi yadda ya sayo kowanne, ya mayar da abin da ya ragu. Ba wanda zai ce kun raina shi don kun tambaye shi. Kuɗin ba nasa ba ne.

To, Gwamnati ita ce ɗan aiken nan. Ba ta da gona, ba ta da garke. Duk abin da ke hannunta daga jama'a ya fito. Akwai harajin albashi da na kamfanoni. Akwai kuɗin kwastan da a ke karɓa a kan kayan da a ke shigowa da su. Akwai kuɗin man fetur, wanda na ƙasa ne baki ɗaya. Akwai kuma wani haraji da ku ke biya ba tare da kun gani ba, domin a cikin farashin kaya ya ke ɓoye. In kun sayi katin waya, ko siminti, ko kwanon rufi, kun biya shi. Tun 1993 aka yi dokarsa, a 2020 aka mayar da shi naira bakwai da rabi cikin kowace naira ɗari. Ko bashin da Gwamnati ta ci ma, ku da 'ya'yanku ne za ku biya.

Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200. Ba wata inuwa da za ta ɗauke su su zauna su tambayi ɗan aikensu. Shi ya sa a ke zaɓen wakilai. A Abuja akwai majalisa biyu. Majalisar Wakilai tana da mutum 360. Majalisar Dattawa tana da 109, watau uku daga kowace jiha, da ɗaya daga Abuja. Kowace jiha kuma tana da tata Majalisar Dokoki, wadda ke yi wa Gwamna abin da waɗancan ke yi wa Shugaban Ƙasa.

Asalin abin

Wannan tsari daga Ingila muka gaje shi, su ma kuwa ba da lalama suka same shi ba. Wani sarkinsu, Charles na Farko, ya kori majalisarsa a 1629, ya yi shekara goma sha ɗaya yana karɓar haraji ba da yardarta ba. Rigimar ta kai ga yaƙi a 1642, aka sare kan sarkin a 1649. A 1689 suka rubuta doka cewa haramun ne sarki ya ɗora haraji sai da yardar majalisa.

A nan Arewa, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka fara buɗe baitulmali irin na En'e, aka raba kuɗin sarki da kuɗin ƙasa, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Amma mai duba littattafan Razdan ne da Di'o. Talaka ya biya haraji da jangali, ya karɓi rasit, shi ke nan. A 1947 aka fara zaman Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna. Da fari shawara kawai su ke bayarwa.

A watan Agusta na 1950 wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a majalisar nan ya nemi a kafa hukuma ta binciki yadda En'e-En'e ke mulki. Ya yi magana a kan cin hanci, da yadda ba a shawartar talaka a kan kome. A wancan zamani magana ce mai nauyi ƙwarai, da ƙyar ma ƙudurin ya wuce. Amma bayansa aka yi bincike, aka daina barin sarki yana yanke shawara shi kaɗai sai tare da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e. Mutum ɗaya ne ya tashi ya yi tambaya.

Daga 1952 aka sami ministoci 'yan ƙasa. A tsarin wancan lokaci, minista ɗan majalisa ne, a cikin zauren ya ke zaune. Ministan Kuɗi na Jihar Arewa, Alhaji Aliyu Makaman Bida, da kansa ya ke karanta kasafin shekara, wakilai su yi ta jefa masa tambayoyi yana amsawa. A 1979 muka koma tsari irin na Amurka. Yanzu minista ba ɗan majalisa ba ne, sai an kira shi. Amma sashe na 67 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce in majalisa ta gayyace shi ya yi bayanin aikin ma'aikatarsa, tilas ya zo.

Kafin a kashe kwabo

Sashe na 80 na Tsarin Mulki ya ce kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta samu a zuba shi a asusu ɗaya, kuma ba a fitar da kome daga ciki sai da izinin doka. Babbar dokar da ke ba da izinin nan ita ce ta kasafin kuɗi.

Ga yadda a ke yi. Kowace shekara Shugaban Ƙasa ya kan kai wa majalisa kiyasin abin da a ke sa ran samu, da abin da a ke so a kashe. Littafi ne mai kauri, an jera kome a ciki: albashin malamai, maganin asibiti, hanya kaza, rijiyar burtsatse a ƙauye kaza. Majalisa ta kan rarraba shi ga kwamitocinta. Kwamitin ilimi ya kira Ministan Ilimi, na gona ya kira Ministan Gona. A tambaye shi, "Bara mun ba ka kuɗin taki, ina takin? Bana kana neman ninkinsa, don me?" Suna iya ragewa, suna iya sokewa, su kan kuma ƙara. In majalisun biyu suka daidaita, sai Shugaba ya sa hannu. In ya ƙi har kwana 30, sai su haɗu wuri ɗaya, in kashi biyu cikin uku suka yarda ya zama doka ko ba hannunsa.

In kuɗi ya gaza a tsakiyar shekara, ba a ce Gwamnati ta sa hannu ta ɗiba kawai ba. Sai ta koma da ƙarin kasafi ta sake roƙo. Wannan shi ne ƙarfin majalisa na gaske. Ɗan aike ba ya tafiya kasuwa sai an buɗe masa jaka.

In kuna son ku ga amfanin abin, ku dubi lokacin da babu shi. Daga Janairun 1966 zuwa Oktoban 1979 soja ke mulki, ba majalisa. A tsakanin 1974 da 1975, kuɗin mai ya yi yawa, sai ma'aikatun Gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga waje, mafi yawansa na Ma'aikatar Tsaro. Tashar jiragen ruwa ta Ikko kuwa ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, kowanne ana biyansa kuɗin jira kullum. Simintin wasu ya daskare a cikin jirgi. Sauran kayan masarufi ma suka rasa hanyar shigowa. Da akwai kwamitin da zai tambayi wani, "A ina za ka sauke wannan duka?" da wataƙila ba a kai haka ba.

Bayan an kashe

In shekara ta ƙare, Babban Akanta ya kan haɗa lissafin abin da aka kashe. Sai wani ma'aikaci dabam, Babban Mai Binciken Kuɗi, wanda a ke kira Odita-Janar, ya bi lissafin nan da rasit-rasit. Sashe na 85 ya ba shi ikon ganin kowane littafi na kowace ma'aikata, ya ce kuma ba wanda zai ba shi umurni a kan yadda zai yi aikinsa. Rahotonsa kuwa ba wurin Shugaban Ƙasa ya ke kai shi ba, wurin majalisa ya ke kaiwa. Can akwai Kwamitin Duba Kuɗin Jama'a, wanda bisa al'ada ɗan jam'iyyar hamayya a kan ba shugabancinsa. Dalili a fili ya ke. Ba a ba kura ajiyar nama, ba a kuma sa ɗan'uwanta ya ƙidaya abin da ya saura.

Aikin mai bincike ba na neman farin jini ba ne. A Janairun 2003 wani mai riƙon muƙamin, Vincent Azie, ya fitar da rahoton shekarar 2001, ya tona yadda ma'aikatu da yawa suka kashe kuɗi ba rasit, ba bin ƙa'ida. Wa'adin riƙonsa na wata shida na cika, ba a tabbatar da shi ba, aka sa wani. Wata matsalar kuma ita ce jinkiri. Rahoton 2019, alal misali, sai a 2021 ya isa majalisa. Kafin a kira mutum a tambaye shi, an yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya.

Masu bincike kuwa suna jin abin mamaki. A 2018 labari ya bazu ko'ina cewa a wani ofishin hukumar jarrabawa a Makurdi an nemi naira miliyan 36 an rasa, aka ce wai maciji ne ya haɗiye.

Ban da rahoton Odita, sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon yin bincike da kanta don ta tona cin hanci, da sakaci, da ɓarnar dukiya. Tana iya aika wa kowa sammaci, ta sa shi ya yi rantsuwa, ya kawo takardu. In ya ƙi zuwa ba da hujja ba, ta ba da takardar a kamo shi. Amma ku lura da wannan: majalisa ba kotu ba ce. Tana tonawa, ba ta ɗaure ɓarawo. Wannan aikin 'yan sanda ne, da hukumomi irin su EFCC, da alƙalai.

Maganar fansho

Yanzu mu komo kan dattijon nan. Wani a cikin ajin ya ce, "Mu manoma ina ruwanmu da fansho?" Na ce masa ya ƙidaya gidajen ƙauyen da ke ci daga hannun tsohon malamin makaranta, da tsohon soja, da tsohon ma'aikacin asibiti. In ba a biya su ba, mai shago bai sami bashinsa ba, mai nama bai yi ciniki ba, yara sun rasa kuɗin littafi.

Fansho ba sadaka ba ce, ba kuma alfarma ba ce. Hakki ne. Sashe na 173 ya hana a riƙe wa ma'aikacin Tarayya fanshonsa ko a rage masa ba bisa doka ba, ya ce kuma a riƙa sake duba yawansa duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya faɗi haka game da ma'aikatan jiha.

A tsohon tsari ba a ajiye kome. Kowace shekara sai an sa kuɗin fansho cikin kasafi. In ba a sa ba, ko an sa ba a saki ba, tsoho ya kwana da yunwa. Bashin ya yi ta taruwa. Jerin sunayen kuma ya cika da na bogi, matattu suna karɓa, rayayyu suna bin layi a rana ana tantance su. A 2004 majalisa ta yi sabuwar doka irin ta adashi. Ana cire wani abu daga albashin ma'aikaci kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a zuba a asusu mai sunan ma'aikacin. A 2014 aka gyara dokar, aka ce ma'aikaci ya ba da takwas cikin ɗari, mai aikin ya ba da goma. Ga lissafi ku gwada a allo. A ce albashin da a ke lissafi da shi naira 50,000 ne. Nasa 4,000, na mai aikin 5,000, duk wata 9,000 ke nan. Nawa zai tara a shekara? Wannan doka ta Tarayya ce, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata, kuma ba duka suka bi tsari iri ɗaya ba.

Waɗanda suka riga suka bar aiki an bar su a tsohon tsari, a can ne kuwa aka yi babbar ɓarna. A 2010 aka ba wani ma'aikaci, Abdulrasheed Maina, shugabancin kwamitin gyara harkar. A 2012 Majalisar Dattawa ta buɗe bincike, aka saurari tsofaffi, aka kira manyan ma'aikata. Shi aka yi ta kiransa yana ƙin zuwa. Majalisar ta ba da takardar kama shi, a farkon 2013 ya bar ƙasar, aka kore shi daga aiki. A 2017 sai aka wayi gari an mayar da shi aiki a asirce. Da jaridu suka tona, Shugaba Buhari ya sa a sake korarsa. Aka kama shi a 2019, aka ba da belinsa, ya tsere zuwa Nijar, aka kamo shi a Yamai a ƙarshen 2020. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara takwas a kan kuɗin fansho sama da naira biliyan biyu.

Biliyan ɗaya miliyan dubu ne. Don ku gane girman abin, a ce fanshon tsoho naira 30,000 ne a wata. Biliyan biyu za ta biya tsofaffi fiye da 5,500 shekara guda cur.

Daga binciken majalisa zuwa hukuncin kotu shekara tara ne. Da yawa cikin masu hakkin ba su ga ranar ba. Ni dai a ganina laifin jinkirin nan bai tsaya kan kotu kaɗai ba. Majalisar da ta iya ba da takardar kamu, ta iya kuma riƙe kasafin duk ofishin da ya ƙi bin maganarta, da ta so.

Ciniki

Manoman da suka manyanta sun tuna dalar gyaɗa a Kano. Daga 1949 wata hukuma ce ke yanka farashin gyaɗa a farkon kaka, ta saya ta hannun wakilanta irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, ta sayar a waje. Rarar da ke tsakanin farashin nan biyu tana hannun hukumar. An yi ayyukan raya ƙasa da ita, gaskiya ne, amma haraji ne a kan manomi wanda ba a ba shi rasit ba. A 1986 aka rushe hukumomin nan. Darasin da ke ciki bai tsufa ba: da alƙalami ɗaya Gwamnati ta kan taɓa aljihun mutum fiye da yadda mai karɓar haraji ke taɓawa.

A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Mai noman shinkafa ya ji daɗi, mai saye ya koka, fataken Jibiya da Illela da Maigatari suka zauna ba sana'a. A Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Majalisar Wakilai ta zartar da ƙuduri tana neman a janye hanin, ba a janye shi nan take ba. A nan ku gane bambancin ƙuduri da doka. Doka tilas ce, ƙuduri shawara ce mai nauyi. Sai a Disamban 2020 aka fara buɗe iyakoki huɗu, Illela da Maigatari na ciki.

Babban binciken da aka yi a kan ciniki shi ne na man fetur. Ƙasar nan tana haƙo ɗanyen mai, amma a lokacin mafi yawan tataccen daga waje 'yan kasuwa ke shigo da shi, Gwamnati ta cika musu wani abu don a sayar da araha. Shi ne tallafin mai. Ran 1 ga Janairun 2012 aka janye shi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka yi yajin aiki, har aka sauko da farashin zuwa 97. Majalisar Wakilai ta katse hutu ta zauna ran Lahadi, ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farouk Lawan, wakilin Ɓagwai da Shanono. Ministoci da manyan 'yan kasuwa suka zo ɗaya bayan ɗaya suna amsa tambayoyi, jama'a na kallo a talabijin.

A watan Afrilu rahoton ya fito. Ya ce majalisa ta amince da naira biliyan 245 don tallafin a 2011, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan biyu da rabi. Tiriliyan ɗaya biliyan dubu ne, watau an kashe ninki goma na abin da aka yarda. Ya ce kamfanonin da ke shigo da man ba su kai goma ba a 2006, amma a 2011 sun kai 140. Ya ce ana biyan tallafin lita miliyan 59 a kullum, alhali abin da a ke sha bai wuce wajen miliyan 35 ba. Wasu sun karɓi kuɗi ba su kawo ko ɗigo ba. Da ba a yi zaman nan ba, da ni da ku ba mu taɓa jin waɗannan lambobi ba. A Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafin ran da aka rantsar da shi.

In mai tambaya ya zama abin tambaya

Labarin bai ƙare nan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ba a daɗe ba sai aka zargi shugaban kwamitin kansa da karɓar dala 500,000 daga wani attajiri don a cire sunan kamfaninsa daga jerin masu laifi. A 2021 kotu ta same shi da laifi ta ɗaure shi shekara bakwai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa biyar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. Waɗanda rahoton ya tona kuwa suka sami abin fakewa, su ka ce ku dubi wanda ya rubuta shi.

Wani lokaci kuma majalisa ta kan zama 'yar amshin shata. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce rancen wucin-gadi da Gwamnati za ta karɓa daga bankin kada ya wuce kashi biyar cikin ɗari na abin da ta samu a shekarar da ta gabata. Aka yi shekaru ana karɓa fiye da haka, har ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7. Sai a ƙarshen 2022 aka kawo wa majalisa ta amince. Aka yi hayaniya a zauren Dattawa, amma a Mayun 2023 suka amince. Wannan kamar ɗan aike ne ya cinye kuɗin rijiya, sa'an nan ya dawo yana neman izinin ci.

Akwai kuma ayyukan mazaɓa, waɗanda wakilai ke sa wa cikin kasafi da sunan yankunansu. Wasu an yi su, ana amfana. Wasu kuwa allon sanarwa kawai za ku gani a bakin hanya, ciyawa ta rufe shi. Wakilin da ke jiran minista ya sakar masa kuɗin kwangila, da wane baki zai tsare ministan da tambaya?

Abin da mai karatu zai iya yi

Doka ta ba masu zaɓe ikon yi wa wakilinsu kiranye. Sashe na 69 ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba-gardama. Abu ne mai wuya. An gwada a kan wani sanata a Jihar Kogi, a 2018 aka zo tantancewa mutane kaɗan suka fito, maganar ta mutu.

Hanya mai sauƙi ita ce takarda. Majalisun nan suna da kwamitin sauraron koke-koken jama'a. Wakilinku ne zai gabatar da kukanku a zaure, kwamitin ya kira ofishin da ku ke ƙara ya zo ya yi bayani a gabanku. Tun 2011 kuma akwai dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar Gwamnatin Tarayya ya nemi bayani, kamar nawa aka ware wa asibitin garinsu da wanda aka ba kwangilar. An ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa, in ta ƙi ta faɗi dalili a rubuce, mai tambaya kuma yana iya zuwa kotu.

Abu na farko shi ne ku san wanda ku ke bi. In aikin Tarayya mutum ya yi, wakilinsa na Abuja zai nema. In na jiha ne ko na ƙaramar hukuma, ɗan Majalisar Dokokin jiha ne nasa. Mutane da yawa su kan ɓata kuɗin mota suna kai kuka inda ba a nan maganin ya ke ba.

Dattijon nan aikin jiha ya yi. Da na koma ƙauyen muka zauna da ajin duka muka rubuta takardar, shi da hannunsa, don yanzu ya iya. Ba mu sa zagi ba, ba mu sa kirari ba. Ya rubuta sunansa, da lambar aikinsa, da ofishin da ya yi wa aiki, da shekarar da ya bari, da watannin da ba a biya shi ba ɗaya bayan ɗaya, da ranakun da ya je birni. Da aka bincika sai ga wasu tsofaffi huɗu a ƙauyukan kewaye masu irin kukansa, su ma suka sa hannu, biyu suka dangwala yatsa. Muka yi kwafi uku. Ɗaya aka kai ofishin wakilin, aka sa magatakardansa ya buga hatimi da kwanan wata a kan na biyu, na uku kuma aka kai wa akawun majalisa. Mai hatimin yana cikin akwatin dattijon tare da takardar sallamarsa. Mun rubuta a bangon aji ranar da kwana talatin za su cika, don in ba amsa mu sake rubuta wata.